RA'AYINMU: Rana Tamu Ce, Faranti Na Wasu

'Yan'uwa ɗalibai, duk wanda ya bi hanyar Gwarzo ya ratsa Gammo a ƙasar Kabo, ya san Allah bai rage mu da hasken rana ba. Amma da magariba ta yi, sai ka iske yara suna karatu da tocila, mai shago kuma yana lissafin kuɗin fetur ɗin janareta.

Ba mu ce ba a yi kome ba. An kafa Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato a 1982. A 2019 an buɗe tashar sola mai megawat 7.1 a Jami'ar Bayero, a 2023 kuma wata mai megawat 10 a Kumbotso. Sai dai ƙwayoyin da ke cikin farantan nan, waɗanda su ne ke mai da haske lantarki, daga ƙasashen waje ake sayo su, galibi daga Sin. Mu dai namu ɗaurawa da share ƙura.

To, akwai wata ƙofa da ya kamata jami'o'inmu su ƙwanƙwasa. Farantin da muka saba gani, da yankakken silikon ake yinsa, tace silikon ɗin kuwa sai masana'anta mai cin dukiya. Amma akwai ƙwayar da shafa ta ake yi a jikin gilashi ko ƙarfe, shafen da bai kai kaurin gashin kai ba. A 1976 Carlson da Wronski na kamfanin RCA a Amurka suka fito da irinta ta silikon, wadda muke gani a kan kalkuleta. Kamfanin First Solar kuwa da kadmiyom da teluriyom yake yin tasa. Kayan haɗinta kaɗan ne, ga shi ta fi jure zafi irin na bazararmu. Ba mu ɓoye aibinta ba: yawanci ba ta kai ta farko ba da wuta ba, kadmiyom kuma guba ne, sai an kiyaye.

Saboda haka muna kira ga hukuma ta sa kuɗi a ɗakunan gwaje-gwaje na sassan Fizis da Kemistiri. Ɗaliban shekarar ƙarshe su ɗauki wannan aiki, su gwada shi cikin ƙurar hunturu ta Gammo, ba a takarda kaɗai ba. Ku kuma matasan ma'aikata, in takardar sayen faranti ta zo teburinku, ku tambaya: nawa aka ware wa bincike?

Mai kwana a tabarmar aro, ba shi da ta cewa ranar da mai ita ya naɗe abarsa. Allah Ya sa mu farga.