Kwale-kwale a Cikin Badala: Bambancin Gyara da Faci

Babu kogi a cikin ganuwar Kano. Jakara, wadda a da take rafi mai tarihi, yau an rufe wani dogon sashe nata an shimfiɗa titi a kai, kududdufan da aka haƙa don ƙasar gini kuma ana ta cike su ana kafa shaguna. Saboda haka duk wanda ya ɗauko mataccen kwale-kwale mai inji daga bakin Tiga, ya sauke shi a wani kango a Yakasai ko Gwale da niyyar tayar da shi a ranakun hutunsa, sai ya shirya wa zolaya. Dattawan majalisa za su tambaye shi ko labarin ɗufana ya samu. Tun kafin nan ma lungu zai nuna masa iyakarsa, don jirgi mai tsawon mita shida ba ya shan kwanar da amalanke ke sha da ƙyar, balle ya ratsa soro.

Duk da haka aikin ba shirme ba ne. Yana cikin ayyuka ƙalilan da za su tilasta wa Bakano ya sake duba wata ɗabi'a da yake alfahari da ita.

Kano gari ne na masu tayar da matacce. A Ƙofar Ruwa ana samun kayan motar da kamfanin da ya ƙera ta ya manta da ita. A Ƙofar Wambai tsohuwar roba da tsohuwar riga suna samun rai na biyu. Maƙera da dukawa da majema sun riƙe Kasuwar Kurmi tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, jikokinsu ne kuma yau suke buɗe janareta su ɗinke waya da hannu. Wannan baiwa ce ta gaske. Sai dai ta zo da wata kalma da ta zama kamar taken sana'a, wato "a lallaɓa". A ɗaure da waya, a liƙe da gam, a ja zuwa ƙarshen wata. A kan tudu wannan dabara tana ciyar da gidaje, domin motar da ta mutu tana da gefen titi, fasinja ya sauka ya yi tsaki ya nemi wata. Jirgin da ya buɗe a tsakiyar dam ba shi da gefen titi.

Kuma Kano tana da ruwa, ko da birnin bai da shi. Gwamna Audu Baƙo, wanda ya mulki jihar daga 1967 zuwa 1975, ya buɗe babin gina madatsun ruwa; an kammala Tiga a 1974, Watari ta biyo baya a Bagwai, Challawa ta Ƙaraye kuma a farkon shekarun 1990. Madatsun sun kawo noman rani da kifi, amma sun raba wasu ƙauyuka da kasuwanninsu da makarantunsu, suka mayar da manoma fasinjojin kwale-kwale ba tare da gadon sanin ruwa irin na Sarkawan Yawuri da Argungu ba. Ranar 30 ga Nuwamba, 2021, wani jirgi da ya taso daga Badau ya kife a dam ɗin Watari. Aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu yara ɗaliban Islamiyya da ke kan hanyar zuwa Maulidi. Wata shida kafin nan, a ƙarshen Mayu, wani jirgin katako ɗauke da mutum fiye da 150 ya dare a Kogin Kwara kusa da Wara ta Jihar Kebbi, jami'an hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, suka ce ya tsufa, ya yi rauni, an kuma yi masa lodi fiye da kima. Ajali ba ya wuce lokacinsa, wannan babu musu. Amma ruɓaɓɓen katako yana da mai shi, mai shi kuma ya san ranar da ya fara ganin ruwa yana tsattsafowa ya ce a lallaɓa.

A nan ne tsohon jirgin da ke cikin kango yake zama malami. Sabon shiga yakan fara da abin da ido ke gani, wato fenti, ko abin da kunne ke ji, wato inji. Jirgi kuwa daga gangar jiki ake fara shi. A kife shi, a kankare tsohon fenti da kwalta har itace ya fito tsirara, sannan a bi kowane katako da tsinin sukundireba. Inda ƙarfe ya nutse kamar a cikin dafaffen rogo, wannan katakon ya gama aiki, cire shi za a yi gaba ɗaya. Ba a shafe shi da gam a ce Allah ya kiyaye. Haƙarƙarin jirgi, wato sandunan da ke riƙe da katakan daga ciki, su ne suka fi yaudara, domin sukan ruɓe a daidai inda ƙusa ta shiga, su bar fuska lafiya lau. Ƙusar kafinta ta yau da kullum tana tsatsa a ruwa, tsatsar ta ci itacen da ke kewaye da ita, har ramin ya fi ƙusar faɗi. Shi ya sa masu ƙera jiragen kirki suke amfani da ƙusar tagulla ko wadda aka yi wa rufin da ke hana tsatsa, ko da kuɗinta ya fi.

Akwai kuma wata matsala ta Kano ita kaɗai, wato hunturu. Katako yana kumbura a ruwa, yana tsukewa a busasshiyar iska. Jirgin da ya yi wata uku a tsakar unguwa daga Disamba zuwa Fabrairu zai buɗe baki a kowace gaɓa, har a hango rana ta tsakanin katakai. Wanda bai sani ba zai cusa auduga da kwalta ya danna har ya toshe ko'ina tam. Ranar da jirgin ya koma ruwa, katakan su kumbura, su rasa inda za su, sai su tura juna su ɓalle ƙusa. Toshiya tana da ƙa'ida: a bar wa itace wurin numfashi, a jiƙa jirgin kwanaki kafin a yanke masa hukunci. Jirgin faiba bai da wannan lalura, amma yana da tasa. Bangon baya, inda ake rataya inji, galibi katako ne aka lulluɓe da faiba. Ruwa yakan bi ramin kusoshi ya shiga, ya ruɓar da cikin, waje yana ƙyalli. Idan aka ƙwanƙwasa aka ji amo kamar na fasasshiyar ƙwarya, ko aka girgiza inji bangon ya motsa tare da shi, to sai an fasa an sake.

Injin ne ɓangaren da Kano za ta ce ta iya, kuma nan ne gwaninta ke yi mata tarko. Injin Yamaha irin wanda ake rataya wa kwale-kwale, mai shan fetur gauraye da baƙin mai, ɗan uwan ƙaramin janareta ne a fulogi da kafireta. Bambancin shi ne da ruwan da yake tafiya a kai yake sanyaya kansa, ta wata 'yar farfelar roba da ke ƙasa tana zuƙo shi. Makanikin da ya saba da janareta zai ja igiya a kan busasshiyar ƙasa don ya ji ƙara, cikin ƙasa da minti ɗaya robar ta ƙone, injin ya ci gaba da tashi kamar lafiya, sai a tsakiyar ruwa ya ɗau zafi ya tsaya. A gida, cikin durom mai cike da ruwa ake gwada shi, a ga ɗan fitsarin ruwa yana fita ta gefe. Man giya na ƙasa kuma idan ya fito fari kamar kunun gyaɗa, ruwa ne ya shige shi, a sauya zobban robar da ke toshe shi.

Za a ce wannan sha'awar masu hali ce, a lokacin da magidanci ke lissafin kwanon masara. Akwai gaskiya a ciki. Aikin yana cin kuɗi, kuma da wuya jirgin da aka gyara ya mayar da abin da aka kashe masa. Za a kuma ce zamanin katako ya wuce, ga hukumomin tarayya suna kira da a koma jiragen faiba da na ƙarfe. Wannan hujja ta biyu ta fi rauni fiye da yadda take sauti. A 1987 wani makiyayi da ke haƙa rijiya a Dufuna, cikin Jihar Yobe ta yau, ya ci karo da kwale-kwalen itace mai tsawon fiye da mita takwas, wanda bincike ya nuna ya kai shekara 8,000, yana cikin mafi daɗewa da aka taɓa samu a duniya. Mutanen wannan yanki ba baƙin itace da ruwa ba ne. Jirgin faiba da gwamnati za ta raba bayan kowace musiba shi ma zai tsufa, bangon bayansa zai ruɓe, injinsa zai nemi farfela. Idan babu wanda ya san yadda ake duba shi, shekara goma kawai aka saya.

Abin da ya yi ƙaranci shi ne mutanen da suka san ruɓa idan sun gan ta, waɗanda kuma ake jin maganarsu. Mai tuƙin kwale-kwale a Bagwai ya san jirginsa fiye da kowa, amma abincin yini yake nema, kuma kowace rana da jirgi ya kwana a tudu asara ce. Injiniya ko likita ko lauyan da ya kashe Asabar hamsin yana cire ruɓaɓɓen haƙarƙari, tare da kafintan unguwa da makanikin Ƙofar Ruwa, ya samu wani ilimi da ofis ba ya bayarwa. Irinsa ne ke zama a kwamitin ƙaramar hukuma, irinsa ne ke sa hannu a takardar sayo jirage, irinsa ne iyayen yara za su saurara idan ya tsaya a bakin dam ya ce wannan jirgin ba zai ɗauki ɗalibai ba. Kafintan da makanikin kuma sun ƙara reshe a sana'arsu, a jihar da take da manyan madatsun ruwa amma sanin ƙirar jirgi yake can Yawuri da Lakwaja.

Ya kamata kuma a faɗi inda aikin gida yake ƙarewa. Kango ba ya ba da shaidar lafiyar jirgi, kuma wanda ya gyara abu da hannunsa shi ne mafi raunin alƙali a kansa, don ya riga ya ƙaunace shi. Jirgin da zai ɗauki mutane yana bukatar rajista da dubawar NIWA, da rigar kariya ga kowane fasinja, da idon wani tsohon masunci da bai da dalilin faranta wa mai shi rai. Gwajin farko ma ba da mutane ake yi ba. A kai jirgin gaɓar Tiga inda ruwa bai wuce ƙugu ba, a ɗaure shi ya kwana biyu, a duba abin da ya taru a cikinsa. Sannan a loda buhunan yashi, kowane buhu biyu na kilo 35 a matsayin baligi guda, ana ƙarawa ana duban tazarar da ta rage tsakanin bakin jirgi da ruwa. Inda tazarar ta fara yin kaɗan ga igiyar ruwan da iskar la'asar ke tayarwa, a koma baya da buhu huɗu, a ƙirga sauran, a rubuta adadin da jan fenti a goshin jirgin, da manyan lambobin da yaro ɗan aji biyu zai iya karantawa daga gaɓa.