Ra'ayi: Kafin a aiko wa matasan Dogon Dutsi oba-oba, a fara nema musu lasisi

Duk mai leƙa shagunan intanet ya san 'yar baƙar na'urar nan mai dogon eriya, Baofeng UV-5R, wadda Bahaushe ke kira oba-oba. Kuɗinta bai kai na matsakaiciyar salula ba, tana shiga aljihu, kuma ɗan Arewa da ke zaune a Faransa, Beljiyam ko Amurka zai iya jefa guda biyu a jaka ya kawo wa ƙaninsa tsaraba da kyakkyawar niyya. Sai dai a halin da gundumomin Dogon Dutsi da Tibiri suke ciki a yau, wannan tsaraba tana iya kai yaro ofishin jandarma tun kafin ta kai muryarsa Matankari.

Dalili a bayyane yake. Daga Dogon Dutsi zuwa iyakar Najeriya tafiyar kimanin kilomita 40 ce, kuma a ɗaya ɓangaren, a jihohin Sakkwato da Kebbi, ana fama da Lakurawa. A watan Yunin 2024 an kashe sojoji 6 da ke gadin bututun man fetur a yankin Tibiri. Masu ɗauke da makamai a Sahel da irin waɗannan ƙananan na'urori suke magana da juna, kowa ya san haka. Sojan da ya tsayar da mota a shinge ya ga oba-oba a jakar saurayi, babu takarda, babu lambar rajista, ba zai tsaya tambayar ko sha'awar kimiyya ce ta sa ya saya ba, kuma da wuya a ga laifinsa. Ƙari a kan haka, na'urar tana watsa magana daga megahaz 136 zuwa 174 da kuma daga 400 zuwa 520, alhali a ƙasan waɗannan mitoci, rabon 'yan sha'awa a Afirka daga 144 zuwa 146 ne kawai. Wanda bai sani ba zai danna maɓalli ya faɗa cikin zangon wata hukuma ko wani kamfani.

Duk da haka, kuskure ne a ce matasa su haƙura da rediyo gaba ɗaya. Akwai hanyar halal, kuma ta tsufa. Ana kiranta rediyon 'yan sha'awa: mutum ya koyi ilimin lantarki da ƙa'idojin watsa saƙo, ya zauna jarrabawa, hukuma ta ba shi lasisi da lambar kira tasa shi kaɗai, sannan ya yi magana da takwarorinsa a kan mitocin da Hukumar Sadarwa ta Duniya, ITU, ta keɓe musu. Ƙungiyarsu ta duniya, IARU, an kafa ta a birnin Paris ranar 18 ga Afrilun 1925, shi ya sa suke bikin ranarsu a wannan rana kowace shekara. Kowace ƙasa tana da haruffan da lambar kiranta ke farawa da su. Na Nijar 5U ne, na Najeriya 5N. Kula da mitoci a Nijar yana hannun hukumar ARCEP da ke Yamai, wadda ta gaji ARTP a 2018.

Abin takaicin shi ne yadda duniya take jin wannan 5U. A watan Maris na 2017 wata tawagar 'yan sha'awa ƙarƙashin jagorancin 'yan Sifen ta sauka a Nijar da kayanta, ta yi kusan mako biyu tana aiki da lambar 5U5R, mutane daga ko'ina suna rububin samunta. Suna rububin ne domin Nijar tana cikin ƙasashen da ba kasafai ake jin muryarsu a wannan fage ba. Wato baƙo ya biya kuɗin jirgi ya zo ya yi magana da duniya da sunan ƙasar, ɗan ƙasa kuwa, wanda kakansa ya tsufa da akwatin rediyo a kafaɗa yana kama BBC tun 1957, bai ma san ana yi ba.

Mai tambaya zai ce, ina amfanin wannan wahala a zamanin WhatsApp? Amsar tana cikin abubuwan da suka faru a 'yan shekarun nan. Bayan zaɓen shugaban ƙasa na Fabrairun 2021 an ɗauke intanet na salula a Nijar har kusan kwana 10. A Satumban wannan shekarar aka rufe layukan waya a Zamfara baki ɗaya, da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 Najeriya ta yanke wutar da take sayar wa Nijar, wadda a lokacin ita ce kusan kashi 70 cikin 100 na abin da ƙasar ke amfani da shi, ba a maido ba sai Maris na 2024. A daminar 2024 kuma ambaliya ta kashe sama da mutum 300, ta shafi fiye da miliyan ɗaya, ta yanke hanyoyi har a ƙofar Yamai. Salula tana dogara ne da dogon ƙarfen kamfani, ƙarfen yana dogara da wuta ko gazuwal, gazuwal yana dogara da hanya. Idan ɗaya ya faɗi, sauran sun bi.

Rediyon gajeren zango ba ya cikin wannan sarƙa. A kan megahaz 7, wato mita 40, idan aka shimfiɗa waya mai tsawon kimanin mita 20, aka ɗaure ta tsakanin itatuwa biyu ba da tsayi sosai ba, saƙon yana tashi sama ya bugi wani sashe na sararin samaniya ya dawo ƙasa kamar ruwan sama, ya rufe da'irar ɗaruruwan kilomita. Daga tsakar gida a Dan Kasari ko Kore Mairuwa za a iya jin mutum a Dosso, Ƙonni, Tawa da Yamai, da batir ɗaya na bolt 12 da farantin sola. Wannan ne ya sa lokacin da guguwar Maria ta rusa sadarwar tsibirin Puerto Rico a 2017, ƙungiyar agaji ta Red Cross ta nemi 'yan sha'awar rediyo su zo da kayansu su riƙa isar da saƙo. A Dallol Mauri, inda ƙauye kan yanke daga gari idan kwari ya cika, ba sai an yi dogon bayani ba.

Akwai hujjar da ba za a kauce mata ba. Jami'in tsaro zai ce ai lokacin da gwamnati ta rufe layin waya, so take kada kowa ya yi magana, don haka me zai sa ta buɗe wata ƙofa da hannunta? Hujja ce mai nauyi, amma sai a dubi abin da dokar ta ƙunsa. Sashe na 25 na ƙa'idojin rediyo na ITU ya hana ɗan sha'awa ɓoye ma'anar saƙonsa, ya kuma wajabta masa faɗin lambar kiransa akai-akai. Ba a kasuwanci a kai. Duk mai akwatin da ya dace, har da jandarma, yana jin abin da aka faɗa. Hukuma tana da sunan mai lasisi, da gidansa, da irin na'urarsa, kuma tana da ikon dakatar da shi duk ranar da ta ga dama. Ɗan bindiga kuwa bai taɓa cike takarda ba, kuma rashin lasisi bai hana shi magana ba ko na kwana ɗaya. Idan aka bar ƙofar a rufe, wanda aka hana shi ne malamin kimiyya na lise da mai gyaran rediyo na bakin kasuwa. Su ne kuma mutanen da za su iya gane baƙuwar murya a iska su sanar.

Matashin da abin ya shiga ransa, da kunne ya kamata ya fara. Jami'ar Twente ta ƙasar Holan ta jona wani akwatin rediyo da intanet, kowa zai iya buɗe shi a salularsa ya juya mita ya saurari 'yan sha'awa suna hira, ba tare da ya sayi komai ba. A ƙasan kowane zango, misali daga megahaz 14.000 zuwa 14.070, zai ji wani ƙyas-ƙyas mai tsawo da gajarta. Morse ke nan.

Morse ya girmi duk wata na'ura da ke hannun mutane yau. A 1844 Samuel Morse ya aika saƙonsa daga Washington zuwa Baltimore ta wayar tangaraho, kuma tun kafin tarho ya zo ƙasar Hausa ake cewa an buga waya idan an aika irin wannan saƙo. Jiragen ruwa sun daina dogara da shi a 1999. A 2003, a taron ITU na Geneva, aka cire sharaɗin da ya tilasta wa kowace ƙasa jarraba mai neman lasisi a kan Morse, aka bar wa ƙasashe zaɓi. Ingila ta sauke shi a wannan shekarar, Amurka a 2007. Saboda haka wasu ke cewa ya mutu. Ga mai kuɗi da babbar na'ura wataƙila haka ne. Ga yaron Arewa kuwa shi ne hanya mafi araha. Saƙon Morse siriri ne, wurin da yake ci a iska bai kai kashi ɗaya cikin biyar na abin da muryar mutum ke ci ba, shi ya sa yake ratsa hayaniyar da ke haɗiye magana. Da wat 5 kacal, ƙarfin ƙaramin ƙwan sola, ana kai wa Turai idan yanayi ya yi kyau. Na'urar da ke yin wannan aiki ita ce mafi sauƙin haɗawa da hannu, kuma duk mai iya canza cajin salula da dalma ya riga ya yi rabin karatun.

Koyonsa ma bai kai yadda ake tsoro ba. Doguwar ƙara tana da tsawon gajeru uku. Harafin E gajeriya ɗaya ce, T doguwa ɗaya, SOS gajeru uku, dogaye uku, gajeru uku. Kuskuren da yawanci ake yi shi ne haddace jadawalin ɗige-ɗige a takarda, domin wanda ya koya da ido sai ya riƙa ƙirga, saƙo ya wuce shi. Hanyar da Bajamushe Ludwig Koch ya fito da ita a shekarun 1930 ta fi: a fara da haruffa biyu kawai, da cikakken sauri, sai an kama 9 cikin 10 daidai sannan a ƙara na uku. Akwai manhajoji kyauta masu koyarwa ta wannan hanya, minti 15 a rana ya isa. Kunnen da ke bambanta gari na zama da gari na tuwo ta tsawon wasali, wanda kuma ke jin kirari a bakin kalangu, bai kamata wannan ya gagare shi ba. Abu ɗaya ne babu: Morse na duniya bai tanadi ɓ, ɗ da ƙ ba, sai a buga su da b, d da k kamar yadda ake yi a saƙon salula.

Ga 'yan uwa da ke waje masu son aiko da wani abu, oba-oba ce ya kamata ta zo ƙarshe. A fili tsakanin hannu da hannu 'yan kilomita kaɗan take kai wa, domin sai inda eriya ke hango eriya. Amfaninta na gaske sai an ɗora tashar maimaita saƙo a wuri mai tsawo, irin duwatsun da suka ba garin sunansa, wannan kuma aikin ƙungiya ce mai izini. Abin da ya fi amfani yanzu shi ne akwatin saurare mai kama SSB, kamar Tecsun PL-330, tunda akwatin gajeren zango na gida ba ya fitar da muryar 'yan sha'awa sai gurnani. Sai ƙarfen dalma mai kyau, da mitar awon lantarki, da littattafan shirin jarrabawa na Faransanci. Mai watsawa kuwa, ko wace iri ce, a bari sai takarda ta fito, a kuma tambayi kwastan da ARCEP kafin a saka ta a kaya.

Akwai ma abin da zai ja hankalin masu ɗaura dish. Tun Nuwamban 2018 aka harba tauraron ɗan adam na Qatar, Es'hail-2, ɗauke da sashen 'yan sha'awa da ake kira QO-100. A tsaye yake a wuri ɗaya a sama, yana rufe Afirka duka da Turai, daga gabashin Brazil har Thailand. Da dish irin na kallon ƙwallo ake kama shi. Saurayin da ke saita dish a Unguwar da yake, idan ya samu lasisi, zai iya hira da yayansa mai lasisi a Lyon ko Brussels ba tare da rezo ba.

Abin da ya rage yana hannun hukuma. Daga Dogon Dutsi zuwa Yamai kimanin kilomita 275 ne, kuma ba kowane ɗalibi ne zai yi wannan tafiya don tambayar takardar da bai san sunanta ba. Ya dace ARCEP ta fito da sharuɗɗan lasisin 'yan sha'awa a fili, nawa ake biya, me ake karantawa, ta fassara su da Hausa da Zabarmanci, ta sa a karanta a gidajen rediyon FM na jihar. Ya dace a riƙa shirya jarrabawa a Dosso ko da sau ɗaya a shekara. Hanya mafi sauƙi ga kowa, har da jami'an tsaro, ita ce a fara da tashar ƙungiya guda ɗaya a wata lise ta Dogon Dutsi: lambar kira ɗaya, malami ɗaya da ke da alhakinta, littafin da ake rubuta duk wanda ya yi magana da lokacin da ya yi, kwafin lasisi a ofishin perefe da na jandarma. Kuɗin kayan irin wannan tasha bai fi ƙarfin ƙungiyoyin 'yan Arewa mazauna ƙetare ba, kuma wasiƙar neman izinin magajin gari da shugaban makaranta za su iya sa mata hannu tun kafin damina mai zuwa.