Kowane Garmaho Kukan Gidansu Yake Yi

Faifai ɗaya ne, amma in aka ɗora shi bisa garmaho biyu na kamfanoni dabam-dabam, sai ka ji kamar mawaƙin ya sake murya. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne yadda inji ke juya farantin da faifan ke kai.

Garrard 301 na Ingila, ƙirar 1954, 'yar tayar roba ke tura farantinsa. Kiɗansa da nauyi, amma in tayar ta tsufa sai gurnanin inji ya shiga waƙa. Thorens TD 150, ƙirar 1965, bel ɗin roba ke jan nasa, yana shanye girgiza, sauti ya fito garau. Shi kuwa Technics SL-1200 na Japan, ƙirar 1972, injin ke juya farantin kai tsaye, gudunsa ba tangarɗa.

To, mai saye, kada suna ya ruɗe ka. Tafi da faifan da kunnenka ya saba da shi, ka saurari kalangun Shata ko kuntigin Ɗan Maraya. Sa'an nan ka duba allura, domin wadda ta cinye kankare faifai take yi, kuma abin da ta kankare ya tafi ke nan.

Sai mako mai zuwa.