Yunwar Kakalaba Ba Fari Ne Kaɗai Ya Kawo Ta Ba

Ka ba ni ɗan fili a wannan jarida mai farin jini in yi kira ga masu rubuta tarihi a intanet, irin su Wikipedia, waɗanda in an zo maganar yunwa sukan ce fari ne, su wuce.

Haba jama'a! Gaskiya ne daminar 1913 ta gaza, Kakalaba ta biyo baya a 1914. Amma ai kakanninmu sun san fari, shi ya sa suke gina rumbu. To, me ya kwashe rumbun? Bayan Turawa sun ci ƙasa a 1903 sai haraji ya koma na kuɗi, talaka ya sayar da gero da kaka, da arha, don ya biya. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, hankali ya koma kan gyaɗa. Ko cikin yunwar ba a bar karɓar haraji ba.

In aka ce fari ne kawai, an wanke mai mulki ke nan, gobe tsada ta sauka a kasuwar Maigatari a sake ɗora wa sama laifi. 'Yan bokonmu na Gagarawa da Sule Tankarkar, ku tambayi dattawa, ku shiga ku gyara rubutun nan.

Naku,
Wani manomi, Gumel, Jihar Jigawa.