Kama da wane ba ta wane: jerin kalmomin Ingilishi da muke ba yara hadda

Akwai wani aikin gida da ya zama ruwan dare a kolejojinmu, daga Maraɗi har Damagaram. Malamin Ingilishi ya cika allo da kalmomi ashirin ko talatin masu haruffa iri ɗaya, kowace da fassararta ta Faransanci a gabanta, ya ce a kwafe, a haddace, ran Litinin za a tambaya. Wannan mako masu "ough", mako mai zuwa masu farawa da "un". Uba in ya buɗe kayen ɗansa ya ga shafi cike maƙil sai ransa ya yi fari, ai yaro na karatu. Ni kuwa ina ganin mafi yawan wannan wahalar ɓarnar lokaci ce, lokacin kuma ba mu da shi. Yaranmu sai a sizyam suke fara Ingilishi, awowinsa a mako kaɗan ne, shekara huɗu kacal sai ga jarrabawar BEPC ta tsaya musu a gaba.

Mu ɗauki jerin "ough" ɗin, tunda shi ne ɗan lelen malamai. "Though" na nufin ko da yake, ƙarshensa ana faɗinsa kamar "o". "Through", ta cikin abu, ya ƙare da "u". "Tough", mai tauri, ya ƙare da "af". "Cough", tari, da "of". "Plough", garma, da "au". Haruffa huɗu iri ɗaya, lafazi biyar, ma'ana biyar da ko a hanya ba su taɓa gamuwa ba. Me ya haɗa tari da garma? Tarihi ne kawai. A tsohon zamani wannan "gh" ana furta shi daga maƙogwaro, kusa da harafin "kha" na Larabci. Bakin mutane ya sake, amma rubutu ya tsaya inda yake, musamman bayan William Caxton ya kafa injin ɗab'i a Ingila a 1476. Yaron da aka tara wa waɗannan kalmomi a shafi guda an taimaka masa ne ya rikita su. Ranar jarrabawa zai rubuta "tough" inda ake son "though", malamin da ya jera masa su kuma shi ne zai ja masa jan biro.

Ba cewa nake kowane kamanni banza ba ne. "Light", "night", "right" da "fight" lafazinsu ɗaya, wanda ya iya karanta guda ya iya sauran, don haka a darasin karatu da babbar murya jerin yana da amfani. Ma'ana dai ba ruwanta da shi.

Kamannin da ya cancanci gumi shi ne wanda ke ɗauke da ma'ana, kuma Bahaushe ya san shi tun kafin ya taka lakwal. Noma, manomi. Ƙira, maƙeri. Ɗinki, maɗinki. Buɗewa, mabuɗi. Karatu, makaranta. Har maciji ma daga cizo ya samo sunansa. Ba wanda ya taɓa ba ɗan shekara shida jerin kalmomi masu farawa da "ma", amma in ka ce masa "masunci" ya san mai su ake nufi. Kuma ba ya tsammanin mage, masara da mangwaro suna cikin wannan dangi don kawai sun fara da harufan. Da wannan nake buɗe darasin a ajina, kuma a minti biyar ake fahimta: "er" na Ingilishi shi ne "ma" ɗinmu, sai dai a baya yake zama. "Farm" da "farmer", "teach" da "teacher", "drive" da "driver". Sannan in rubuta "water", "paper" da "mother" in tambaya: waɗannan fa? Sai wani daga bayan aji ya ce su ne mangwaron. Haka "un" yake juya ma'ana a "unhappy" da "unlock", amma "uncle" kawu ne kurum. "Less" na nufin rashi, "ful" na nufin cika: "careless" marar kula, "careful" mai kula. Yaro ya riƙe irin waɗannan guda goma, zai iya buɗe kalmomin da bai taɓa gani ba.

Akwai kuma wata dukiya da ɗan Nijar ke da ita wadda ɗan Katsina ba shi da ita, muna kuwa wasa da ita. Bayan Wiliyam na Normandi ya ci Ingila a 1066, Faransanci ya daɗe yana harshen fada da shari'a a can, Ingilishi ya kwashi dubban kalmomi daga gare shi. Ɗalibin da ya yi shekara shida a firamare da Faransanci ya riga ya san "nation", "education" da "information". Lafazi kawai za a gyara masa, "nasiyon" ya koma "neshan". "Liberté" ta zama "liberty", "dangereux" ya zama "dangerous", "nécessaire" ya zama "necessary". Abin da ya kamata a haddace a nan shi ne ƴan tsirarun da ke yaudara. "Location" da muke gani a allunan masu hayar rumfuna da kujerun biki, a Ingilishi wuri yake nufi. "Library" ɗakin karatu ne, "librairie" kantin sayar da littattafai. "Actually" a gaskiya, "actuellement" a halin yanzu.

Na san abin da abokan aiki za su ce, don a ɗakin malamai sun sha faɗa mini: aji ya cika ya batse, littafi ba ya isa, jeri shi ne abin da ake iya rubutawa a allo a kuma gyara cikin dare ɗaya. Gaskiya ne. Sai dai alli ɗaya ne ke rubuta jerin "ough" da jerin kalmomin kasuwa: farashi, ragi, bashi, canji, awo. Yaron Dan Isa ko na Ƙonni da zai tsallaka Jibiya ko Illela wata rana, in ya ci karo da takardar kaya ko rasit, waɗannan zai nema. Kuma tun da kundin sake gina ƙasa na 2025 ya sa Ingilishi cikin harsunan aiki tare da Faransanci, maganar ta wuce ta neman maki a jarrabawa.

Iyaye kuma, ko ba ku jin Ingilishi kuna iya bincikawa. Ku ɗora yatsa kan kalma guda a kayen, ku ce yaro ya sa ta cikin jimla, sannan ya faɗa muku jimlar da Hausa. In ya yi shiru yana kallon rufin ɗaki, ku je ku sami malaminsa da kayen a hannu, ku tambaye shi cikin girmamawa abin da ya haɗa kalmomin shafin nan ban da haruffa.