Wanda ya bar giya, a wace majalisa zai zauna?



A Bacirawa ba a cewa wane yana shan giya, sai dai a ce "ya lalace", a rufe maganar. Hisbah na fasa kwalabe, kuma ina goyon baya. Amma fasa kwalba ba ya cire ƙishirwar daga jikin mai sha. Wanda ya tuba yau, gobe da la'asar majalisar da ya sani ita ce ta abokan shansa.

A 1935, a garin Akron na Amurka, mashaya biyu suka fara zama suna riƙe juna, daga nan aka samu ƙungiyar Alcoholics Anonymous. Ƙa'idarsu: ba a faɗin cikakken suna, abin da aka ji a ɗaki ya tsaya a ɗaki.

A nan wuyarmu take. Ƙauye ba ya ɓoye mutum. Ka shiga wani zaure sau biyu, kafin Juma'a surukanka sun ji. Shi ya sa nake ganin a riƙa zaman a wani gari, ranar kasuwa, lokacin da ba mai tambayar ina za ka. Liman ya samo ɗaki, amma ya bar waɗanda suka daina su ja zaman. Wa'azi sun sha ji.

Wanda ya daɗe yana sha kullum kuwa, kada ya yanke rana ɗaya shi kaɗai. Karkarwa da farfaɗiya na iya kashe shi. A fara kai shi asibitin Dawanau, ba gidan mari ba.