Dayamon na Free Fire ko sojan roba: wanne ne mallakin mai saye?

A watan Satumbar 2021 hukumar NCC ta ba da umarnin katse layukan waya a faɗin jihar Zamfara saboda matsalar tsaro. Matasan Anka, Gummi da Bukkuyum sun shafe makonni ba sabis. Duk wanda ya zuba kuɗi a dayamon na Free Fire ko UC na PUBG Mobile, a lokacin ya gane cewa bindigogi da kayan sawan da ya saya ba a hannunsa suke ba, suna can a sabar kamfani. 'Yan dara kuwa ko a jikinsu, suka ci gaba da wasa a gindin bishiya.

Akwai wani wasan yaƙi da shi ma bai san katsewar intanet ba. Sunansa Warhammer 40,000, wanda kamfanin Games Workshop na Ingila ya fitar a 1987. Ana sayen ƙananan sojojin roba, tsawonsu bai kai ɗan yatsa ba, a haɗa su da gam, a yi musu fenti da hannu, sannan a jera su a tebur a fafata ta hanyar jefa ɗan lido da awon tazara.

Tsada kam akwai ta. Akwatin Combat Patrol guda ɗaya ya kai kusan fam 100, ban da fenti da burushi da kuɗin kawo shi Najeriya. Matashin da ke lissafin kuɗin data kowane mako bai kamata ya ci bashi don wannan ba.

Amma a duba abin da ke saura bayan an biya. Sojan da aka yi wa fenti shekara ashirin da suka wuce yana nan, ana iya wasa da shi, a sayar, ko a bar wa ƙane. Apex Legends Mobile kuwa an rufe shi a Mayun 2023, abin da mutane suka saya a ciki ya bi ruwa. Mai fenti kuma ya koyi haɗa launi da natsuwar hannu, ba mai ƙwace masa wannan.

Ba sai an yi odar kaya daga Ingila ba. Yaran karkara sun daɗe suna ƙera motar kara da dokin laka. Ƙaramin burushi da fentin ruwa sun isa a fara. Sai dai a guji ƙasar wuraren da ake niƙa dutsen zinare, domin gubar dalma da ta kashe ɗaruruwan yara a Anka da Bukkuyum a 2010 daga nan ta fito.

Kafin matashi ya sake tura kuɗi don sabuwar riga a gem, ya tambayi kansa: idan sabis ya ɗauke gobe, me zai rage a hannunsa?